Fentin gilashi na Pébéo Vitrail a ranar Yamai: inda yake aiki da inda ƙarfinsa ya ƙare

Mai zane ko ɗalibin gine-gine da ya shiga majami'a ya ga yadda haske ke ratsa tagar launi ya zube a ƙasa, abu na farko da yake tambaya shi ne da me zai yi irinta. Gilashin launi na gaske da sandunan dalmar da ke haɗa guntayensa ba kayan da ake tsinta a kowane shago ba ne, don haka hankali yakan koma ga fentin gilashi na sanyi, wanda ba a gasawa. Fitacce a cikinsu shi ne Vitrail na kamfanin Pébéo na Faransa, da abokin tafiyarsa Cerne Relief, wato bututun da ake matsa layin da ke tsaya wa dalma. Hukuncinmu a kai a gajarce: kaya ne mai kyau ga allon ado na cikin ɗaki, ga fitila, ga samfurin da za a nuna wa mai ba da aiki. Wanda kuwa ya shafa shi a tagar da ke kallon gabas ko yamma a Yamai, ya kuma karɓi kuɗin mutane da sunan aikin shekara da shekaru, ya ɗauko wa kansa rigima.

Dalili yana cikin yadda launin yake zaune. A tagar gaske launin yana cikin jikin gilashin, an narka su tare a wuta. Kobalt ke ba da shuɗi, jan ƙarfe ke ba da kore da kuma ja, manganis ke ba da shunayya, zinariya ke ba da ruwan hoda. Rawayar da ake gani a tsofaffin tagogi sau da yawa gishirin azurfa ne da aka shafa a bayan gilashin aka gasa, dabarar da ta bazu a Turai a farkon ƙarni na 14. Baƙin zanen fuska da na ninkin tufafi kuwa garin ƙarfe ne da garin gilashi, ana gasa shi a zafin da ya haura digiri 600 har ya zama jiki ɗaya da allon. Shi ya sa tagogin Sainte-Chapelle da ke Paris, wadda aka keɓe a 1248, har yau da yawansu na asali ne kuma launinsu bai gudu ba. Vitrail fata ce ta ƙaro mai launi da ke kwance a saman gilashi. Reza tana kankare ta, rana tana cin ta. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai ji an cuce shi ba.

Kafin a buɗe kwalba, a je a yi kallo

Kuɗin fenti yana tafiya a banza idan zanen bai yi kama da aikin gilashi ba, kuma wannan ido ne ke koyonsa a gaban taga. A Yamai wurin farawa shi ne babban cocin Katolika, Notre-Dame du Perpétuel Secours. Mishan ɗin Katolika na birnin ya faro ne a 1931 ta hannun Fada François Faroud, Yamai kuma ta samu bishop nata a 1961. Bayan shi akwai ƙananan coci-coci na unguwanni, na Katolika da na Furotesta. Na Furotesta galibi ba su cika ado da hotuna ba, abin koyo a can shi ne yadda aka shigo da iska da haske, ba launi ba.

Shiga yana da ladabinsa. Tun abin da ya faru a Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u da dama a Yamai da Damagaram, masu gadi ba sa son baƙon da ya faɗo da waya a hannu yana ɗaukar hoto, kuma suna da gaskiya. A riƙe katin shaida, a tsaya a ƙofa a gaisa: “Baba, ina wuni? Ni mai zane ne, tagogi na zo in duba. Ko Fada na nan in nemi izini?” A zaɓi ranar aiki, ba safiyar Lahadi ba, ba kuma lokacin da ake ibada ba. Namiji yana cire hula a ciki, takalmi kuwa ba a cirewa. Ba a hawa wajen bagade. Izinin kallo daban, izinin hoto daban, a nemi kowanne.

Abin da za a tarar a taga iri-iri ne, kuma rarrabe su shi ne darasi na farko. Idan ana ganin dalma ta ciki da ta waje, da ɗan tudun narkakken ƙarfe a kowace mahaɗa, da sandunan ƙarfe a gicciye da aka ɗaure allon a jikinsu, wannan aikin gaske ne. Idan gilashi ne guda ɗaya, layin yana da tudu ta fuska ɗaya, ɗayar fuskar sumul, fenti ne. Idan launin bai ɗaya ne tas babu kauri babu sirara, gefensa kuma ya fara naɗewa, leda ce aka manna. Akwai kuma ƙananan alluna masu launi da aka jera a cikin firam ɗin ƙarfe, da bulo mai huda da ake ginawa don iska. Kada a raina na ƙarshen nan. Inuwar da bulo mai huda ke zanawa a ƙasa da hantsi tana koya wa mutum rabon duhu da haske fiye da hoton taga dubu a waya.

Lokaci ma sai an lissafa. Yamai tana wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, rana kuma tana bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan biyun tana ɗan karkata arewa da tsakar rana, sauran watannin tana kudu. A Disamba tsayinta da tsakar rana yana sauka zuwa wajen digiri 53, don haka tagar kudu tana cika da haske a lokacin sanyi, a watan Yuni kuwa kusan a inuwa take wuni. Tagar gabas a je mata daga ƙarfe 8 zuwa 10 na safe, ta yamma bayan la'asar. Tsakar ranar Yamai ta gaskiya sai wajen ƙarfe 1 saura 'yan mintuna, kuma a lokacin zafi ita ce sa'a mafi muni ga mai kallon taga, domin hasken yana sauka a kan rufi ne. A duba alƙiblar ginin da kamfas ɗin waya, kada a ɗauka kowane coci gabas yake fuskanta kamar tsofaffin na Turai.

Waya tana ƙona hoton taga: tana auna duhun ɗakin, sai launin ya fito fari fat. A taɓa wurin da ya fi haske a fuskar wayar, a ja hasken ƙasa har bango ya koma baƙi. Amma takarda da fensir sun fi. A zana layukan kawai, a bar launi. A nan ne za a lura da abin da ke bambanta mai ido da mai kwaikwayo: a aikin gaske layi ba ya mutuwa a tsakiyar fili, dole ya je ya haɗu da wani layin ko da gefe, saboda kowane gurbi guntun gilashi ne da aka yanka daban. Ba a samun kusurwa mai lotsawa ciki sosai, domin gilashi ba ya yankuwa haka, tsagewa yake yi ya wuce. Fenti bai san wannan iyaka ba, zai bar ka ka zana duk abin da ka ga dama, kuma nan take aikin ke tona kansa. A kuma matsa baya zuwa ƙarshen ɗakin a duba: shuɗi yana malalowa ya cinye layin da ke gefensa, ja yana tsayawa inda aka ajiye shi, fari yana sa layi ya yi kamar ya sirance. A hasken Yamai mai ƙarfi wannan cin layi ya fi tsanani, don haka layin da ke kewaye da shuɗi da fari yana son ƙarin kauri, launin da ya yi fari-fari kuma ɓacewa yake yi.

Wanda ba ya zana mai rai bai rasa komai ba. Tsarin ake ɗauka daga coci, adon kuwa muna da namu: dagi, aska takwas ta gaban babbar riga, zanen bangon gidajen Birni a Damagaram, kuros ɗin Agadas, zanen ƙwarya da na tabarma. Gine-ginen gidan tarihi na Boubou Hama suna nan kusa ga mai neman salon Hausa a bango. Wanda hanya ta kai shi jihar Tawa ya tsaya masallacin Yama na Falke Barmu, wanda aka fara a 1962 ya kuma ci kyautar Aga Khan a 1986, ya ga abin da bakan gizo da ƙananan kafofi ke yi wa haske, ya kuma leƙa ginin Hikma na Dandaji da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara.

Kayan da kansu

Vitrail yana zuwa a kwalbar mililita 45, akwai kuma babba ta 250. Ba na ruwa ba ne, da mai aka haɗa shi, yana da wari, yana kama wuta, ana wanke burushinsa da ruwan tsinka fenti irin wanda aka rubuta White Spirit a jikinsa. Akwai launuka masu barin haske ya wuce, akwai masu toshe shi, a karanta jikin kwalbar kafin a biya, domin na biyun ba su da amfani ga aikin taga sai dai a fitila ko madubi. Akwai kuma kwalba marar launi da aka rubuta éclaircissant, ta sassauta launi. Cerne Relief bututu ne na mililita 20, shi na ruwa ne, yana zuwa baƙi, ruwan zinariya, ruwan azurfa da ruwan dalma. Baƙin ya fi. Idan haske yana bayan allo kowane layi baƙi yake zama, idan kuma babu haske a baya, ruwan zinariyar yana mai da aikin kamar kayan kyautar biki.

Lissafin yawa abu ne da mai saye zai iya yi da kansa. Idan aka zuba fentin ya kwanta da kaurin rabin milimita, kwalbar 45 tana rufe santimita 30 sau 30 ne kacal. Allo mai 60 sau 90 zai sha mililita 270, wato kwalba 6. Da burushi a sirance ana iya ninka filin sau huɗu ko biyar, sai dai launin zai yi rauni kuma sawun burushi zai fito. Bututun layi kuwa, gwargwadon kaurin da aka matsa, yana ba da tsakanin mita 10 zuwa 20. A auna tsawon layukan zanen da zare kafin a saya, a ƙara bututu ɗaya a kai. Idan aka auna lita da lita fentin nan ya ninka fentin mai na gini tsada sau da yawa, shi ya sa babban fili ba nasa ba ne.

Ba sai an sayi launi goma sha ba. Matisse ya yi tagogin ƙaramin cocin Vence, wanda aka buɗe a 1951, da rawaya da kore da shuɗi kawai. Shuɗi mai duhu, rawaya, ja, kore da kwalba biyu na marar launi sun isa shekara guda ta koyo. Launukan suna gaurayuwa da juna, amma da an haɗa uku sai a faɗa ruwan ƙasa. A gwada gauraye a kan guntun gilashi a ɗaga shi sama a duba, domin abin da ido ke gani a cikin murfi ko a kan farar takarda ƙarya ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsinka fentin da White Spirit don ya yi auki: ƙyallin yana mutuwa, fatar tana yin rauni, launin yana guduwa gefe ya bar tsakiya fari. Sassauci da marar launi ake yi.

Gilashin mai kaurin milimita 4 shi ne daidai ga allon da bai wuce 60 sau 90 ba. Nauyin gilashi kilo 2 da rabi ne a kowace murabba'in mita ga kowane milimita, don haka wannan allon zai kai kilo 5 da ɗan kai. A sa mai yanka ya goge gefen da dutse ko samfefa, ba don hannu kaɗai ba: tsagewar zafi daga ɗan ɓantaren gefe take farawa.

Ana zana aikin a takarda daidai girmansa, layuka da baƙin alƙalami mai kauri, a manne ta a ƙarƙashin gilashin. A wanke saman da sabulu, a ɗauraye, a bushe, a goge da alkol mai digiri 90 na kantin magani, daga nan yatsa ba ya sake taɓa wurin. Maiƙon yatsa shi ne ke sa fenti ya ja baya ya bar ɗan rami kamar ido. Mai aiki a kan roba mai kama da gilashi ya tsaya a sabulu, domin alkol yana iya sa ta yi ƙananan tsage-tsage.

Wajen matsa layi a sa ido a saitin bakin bututun daga sama. Kaurin gilashin yana yaudara, wanda ya kalla daga gefe layinsa zai kauce wa na takarda. Bakin ba ya gogar gilashi, ana ɗaga shi kaɗan a bar layin ya kwanta da kansa, hannu yana tafiya da gudu ɗaya. A fara daga nesa a taho kusa don kada hannun riga ya share. Bututun yana da halaye biyu marasa daɗi a ƙasarmu. Idan ya sha zafi, da an buɗe shi yake ta tsiyaya ko ba a matsa ba, don haka a ajiye shi wuri mai sanyi, gindin randa ya wadatar. A hunturu kuma bakinsa yana bushewa tsakanin layi da layi, sai a riƙe allura da ɗanyen tsumma a kusa. Iskar da ta maƙale a ciki tana fashewa ta yanke layi, maganinta a riƙe bututun baki ƙasa a ɗan buga shi kafin a fara, a kuma matsa na farko a kan takarda. Layin da ya karkace a bar shi ya bushe a yanke da reza, gogewa da ɗanyensa ɓata wuri ne. A bar layukan su kwana. Da safe a cire takardar, a ɗaga allon ga haske, a bi kowace mahaɗa. Ƙofar da ba ta kai kan allura ba ta isa ja ya shiga gonar rawaya.

Zubawa ita ce wurin da fentin ke nuna kyansa. Teburin ya zama daidai, a auna da ma'aunin ruwa na magina ta fuska biyu, in ba haka ba launin zai taru gefe ɗaya. Kada a girgiza kwalba, a juya da tsinke a hankali, girgiza kumfa take haifarwa. A ɗebo da sirinji marar allura a ɗiga a tsakiyar gurbi, a tura shi da tsinken sakace har ya taɓa layi ko'ina, musamman kusurwoyi. Siririn farin da aka bari tsakanin launi da layi shi ne abin da ido ke fara gani idan haske ya bugo. Kumfa a fasa ta nan take da allura. A cika gurbi ɗaya a tsallake maƙwabcinsa, a dawo masa washegari. Idan aka yi haka fentin yana kwanciya da kansa, babu sawu, da zurfin launi da ƙyallin da fentin ruwa ba ya kaiwa. Ɗan bambancin kauri da ke fitowa daga gurbi zuwa gurbi ma alheri ne, yana kama da gilashin da aka hura da baki.

Shafi na biyu a kan na farko shi ne tarko. Man da ke cikin sabon yana jiƙa tsohon, ya ɗaga shi ya yamutse. Wanda ke son launi ya ƙara duhu ko ya canza, ya juya allon bayan ya bushe sarai ya yi ta baya: shuɗi a gaba, rawaya a baya, kore ya fito tsaf.

Zafi, ƙura da rana

A bazara, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, saman fentin yana yin yana irin ta kunun da ya huce alhali ƙasan ɗanye ne. Man da ke ƙasa ya rasa hanyar fita, sai fatar ta tattare, ko ta yi kwanaki tana danƙo. A wannan lokaci a rage kauri, a yi aiki bayan asuba, a kuma raba manyan gurabe tun a zane, domin gurbin da ya fi tafin hannu yana fara kamewa kafin a gama tura shi gefe. A hunturu matsalar ƙura ce, kuma duk ƙwayar da ta sauka a ɗanyen fenti ta zauna ke nan. A damina bushewa tana jinkiri, da dare kuma ƙwarin da ke bin fitila suna faɗawa ciki. Mafi daɗin lokaci shi ne bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin hazo ya sauko.

Akwai cin karo a nan da babu yadda za a yi da shi sai dabara. Warin yana son a buɗe taga, ƙura tana son a rufe. A yayyafa wa ƙasan ɗakin ruwa kafin a fara, a kashe fanka, a buɗe tagar da ba ta fuskantar iska a rataya mata ɗanyen zane. Da an gama zubawa a kifa kwali a kan allon, wanda aka huda gefensa aka rufe hudar da yadi, a fita a bar ɗakin. Ba a kwana a ɗakin da fentin ke bushewa, yara ma ba sa shiga. Murhun shayi, taba da turaren wuta su tsaya a waje. A ba shi kwana guda kafin a motsa shi, kwana uku kafin a tsayar da shi ko a sa shi a firam.

Sai babbar magana, rana. Launin irin wannan fenti yana koɗewa a hasken rana kai tsaye, kuma a fentin sanyi ja da hoda da shunayya su suka fi saurin sallamawa. Gilashin taga na yau da kullum yana barin mafi yawan hasken da ke cin launi ya wuce, don haka juya fuskar da ke da fentin ta cikin ɗaki yana kare shi daga ƙura da ruwa ne kawai. Gilashi mai haɗe biyu da leda a tsakiya, irin na gaban mota, shi ne ke tare kusan dukkan wannan hasken, kuma sa shi ta waje da ɗan rata tsakaninsa da allon yana ƙara wa aikin kwana sosai, sai dai kuɗin ya hau. Ga kuma zafi: gurbi mai duhu yana shan rana ya yi zafi, gefen da ke cikin firam yana da sanyi, wannan bambancin yana iya tsaga gilashin. Kafin a yi wa kowa alkawari a yi gwaji: a shafa kowane launi a doguwar tsiri a guntun gilashi, a naɗe rabinsa da takardar alminiyam, a jingina shi a tagar da za a yi wa aikin har wata guda ko biyu, a buɗe a gwada da idon mai ba da aikin a wurin.

Inda fentin ya fi burgewa shi ne akwatin haske: firam mai zurfin santimita 8 zuwa 10, fitilun LED a ciki, farar roba mai dishi-dishi tsakaninsu da allon don kada ɗigon fitilun ya fito. Babu rana, babu zafi, launin yana nan. Haka ma allon raba falo, ƙofar kabad, da tagar da ke cikin baranda mai zurfi. Gogewa da tattausan ɗanyen tsumma kawai, bayan an kaɗe ƙurar, domin ƙurar Yamai yashi ce kuma tana karce fatar. Alkol da ruwan goge gilashi na kanti suna dusashe ta.

Mutane suna rikita shi da Vitrea 160 na kamfanin ɗaya. Wannan na ruwa ne, ana barin sa awa 24 sannan a gasa minti 40 a digiri 160, a sa shi tun tanda tana da sanyi a kuma bar shi ya huce a ciki. Ya fi jure wanki, ba shi da wari sosai, ya dace da kofi da kwalba da ƙananan abubuwa. Amma girman tandar gida shi ne iyakarsa, kuma bai kai Vitrail kwanciya sumul a fili mai faɗi ba. Ba a gauraya su.

Akwai kuma zaren dalma mai gam a baya, wanda ake mannawa maimakon layin bututu. Ya fi kama da na gaske, musamman idan aka manna ta fuska biyu aka danne gefensa da ƙashi ko katako. Dalma ce ta ainihi, kuma wanda ya tuna yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani: a wanke hannu kafin cin abinci, guntayen a tattara su cikin gwangwani mai murfi.

Ga tagar da za ta sha rana da gaske, shawararmu a bar fenti. Masu yankan gilashi suna da mai launi a jikinsa, shuɗi, kore, ruwan toka da ruwan ƙasa, irin wanda ake sa wa tagogin alminiyam. Launukan kaɗan ne, yankan kuma miƙaƙƙe ne, amma ba sa koɗewa. Mai walda ya yi firam ɗin ƙarfe mai gurabe bisa zanen, a zaunar da kowane guntu da silikon, a bar masa ratar milimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe don motsin zafi. Aska takwas da zanen tabarma suna fita da kyau ta wannan hanya, in dai ba a sa tsinin ya yi siriri har ya karye ba. Ragowar gilashi da ƙarfe kuwa kasuwar Katako ba ta rasa su. Ledar masu allon talla ta fi araha a babban fili, sai dai araha ba ta ado: launinta a mace yake, gefenta kuma zafi yana ɗaga shi. Mai son launi mai zurfi da zai daɗe ya duba gindin kwalabe da aka dasa a siminti, ƙanin aikin da Gabriel Loire na Chartres ya shahara da shi na dasa gilashi mai kauri a kankare, ko tagogin farar ƙasa da gilashi na birnin San'a a Yaman.

Wajen saye, a karkata kwalbar a gani. Idan fentin yana tafiya a hankali bai rabu ba, lafiya. Idan ya yi kauri ya ƙi motsi, ko murfin ya manne da busasshen fenti, kwalbar ta sha zafi a kanti ko an taɓa buɗe ta. Bututun layi a ɗan matsa shi ta waje, mai tauri ya riga ya mutu. Wanda zai sa a taho masa da shi daga waje ya sani fenti mai kama wuta ba ya shiga jakar fasinja a jirgin sama, ta hannu ko ta kaya, sai ta mota ko ta masu jigilar kaya. Bayan an buɗe, a goge bakin kwalbar kafin a rufe, a ajiye ta a tsaye a inuwa. Kwalbar da ta rage rabi tana saurin yin fata saboda iskar da ke ciki, gara a juye ragowar a ƙaramar kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe a rubuta sunan launin a jikinta.